Igiya da Rimot a Ɗaukar Hoto: Dalilin Raba Yatsa da Kyamara

Mai ɗaukar hoto zai iya kafa kyamararsa a kan mazauni mai ƙafa uku da almuru, ya saita gilashi har abin da ke gabansa ya fito tar, ya danna maɓalli, sannan ya koma ya buɗe hoton a kwamfuta ya tarar gefunan komai sun yi dishi-dishi kamar an shafa da hannu kafin tawada ta bushe. Abu na farko da akan zarga shi ne gilashin, na biyu kuma ita kyamarar kanta, alhali sau da yawa mai laifin yana jikin mai hoton, wato yatsan da ya danna maɓallin. Domin wannan yatsa ne aka ƙera igiyar danna ƙyaure (ƙyaure shi ne 'yar ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, sannan ta rufe), daga baya kuma rimot iri-iri, kuma duk wanda ya fahimci ainihin ɓarnar da yatsa yake yi zai san lokacin da waɗannan na'urori suke da amfani da lokacin da ɗaukarsu a jaka wahala ce kawai.

A fara da ƙanƙantar motsin da ake magana a kai, domin yawancin mutane ba sa zaton ya kai haka. Sensar babbar kyamara, wato faifan da ke karɓar haske a madadin fim, tana da faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24. Idan kyamarar mai ɗigo miliyan 24 ce, to ɗigo 6,000 ne suka jeru a wannan faɗi, ke nan kowane ɗigo faɗinsa milimita 0.006, abin da silin gashin kai ya ninka kusan sau goma. Muddin ƙyauren yana buɗe, idan surar da ke sauka a kan sensa ta goce da ɗigo biyu ko uku kacal, ido zai gane da zarar an faɗaɗa hoton. Gilashin zuƙowa yana ƙara tsananta lamarin, domin yadda yake kusanto da abin da ke nesa haka yake ninka kowace girgiza. Daga nan ne tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta samo asali, wadda ta ce idan da hannu aka riƙe kyamara, kada saurin ƙyaure ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin, wato lambar milimita da aka rubuta a jikinsa: gilashi mai milimita 200 yana son ɗaya bisa 200 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri. A hasken rana wannan ba matsala ba ce, domin a ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa ƙyauren ya riga ya buɗe ya rufe kafin yatsa ya yi wani tasiri. Idan haske ya yi ƙasa, ƙyaure ya buƙaci jimawa a buɗe, a nan ne lissafin yake canzawa.

Akwai wani abu da ke ba masu koyo mamaki, shi ne cewa ba buɗewa mafi tsawo ce ta fi shan wahalar girgiza ba. Dannar yatsa tana girgiza kyamara na ɗan guntun lokaci ne, sai ta lafa. Idan ƙyaure zai yi daƙiƙa 30 a buɗe, wannan guntun lokaci ɗan ƙaramin kaso ne na hasken da aka tara, saboda haka da ƙyar a ga alamarsa, sai dai idan akwai fitilu ko taurari masu haske a cikin hoton, waɗanda nan take suke barin ɗan zane mai kama da wutsiya. Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne tsakiya, daga wajen ɗaya bisa 30 na daƙiƙa zuwa daƙiƙa guda, domin a nan kusan duk tsawon buɗewar yana faɗawa ne cikin lokacin da kyamarar take rawa. Wannan kuwa shi ne zangon da ake yawan aiki da shi a hotunan cikin ɗaki, da na faɗuwar rana, da na ƙananan abubuwa da ake ɗauka daf da daf.

Masu hoton farko ba su san wannan damuwa ba. Lokacin da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa a 1839, hoto ɗaya yana cin mintuna, kuma mai hoto murfin gilashi kawai yake cirewa da hannu, ya ƙirga, ya mayar. Bayan Richard Maddox ya fito da busasshen faranti na jelatin a Ingila a 1871, aka yi ta inganta shi har faranti ya koma yana kama hoto cikin guntun daƙiƙa, hannu ya kasa wannan sauri, sai aka ƙera ƙyaure na inji. Da zuwan ƙyaure aka buƙaci hanyar motsa shi ba tare da jijjiga akwatin kyamara ba, kuma dabarar da ta yaɗu ita ce ƙwallon roba da aka haɗa da siririn tiyo, irin wanda ake matsawa a na'urar awon hawan jini. Idan an matsa ƙwallon, iska ta tura ɗan fistin, ƙyaure ya buɗe, kuma yana nan a buɗe har a saki. Harafin B da ake gani a kyamarori har yau, wasu kuma su rubuta Bulb a cike, sunan wannan ƙwallon roba ne, kuma aikinsa bai canza ba: ƙyaure yana buɗe muddin ana danne da maɓalli. Ɗan'uwansa shi ne harafin T, inda danna ta farko take buɗewa, ta biyu ta rufe.

Igiyar ƙarfe ce ta gaji ƙwallon roba, kuma ta yi mulki kusan duk tsawon zamanin fim. Ƙirarta ba ta da wuyar ganewa: siririyar waya ce mai lanƙwasuwa a cikin kube, a ɗaya bakin akwai abin dannawa kamar na sirinji, a ɗaya bakin kuma akwai ɗan tsinke da zare irin na noti, wanda ake murɗawa cikin ramin da ke tsakiyar maɓallin kyamara. Idan an danna, tsinken ya leƙo ya taɓa injin ƙyaure, ƙarfin hannu kuma ya ɓace a cikin lanƙwasar igiyar. Saboda haka kuskure ne a ja igiyar ta miƙe tsaf, domin miƙaƙƙiyar igiya sanda ce, duk motsin hannu za ta kai shi ga kyamara. A bar ta ta yi ɗan baka. Yawancinsu suna da makulli da ke riƙe tsinken a danne, don wanda zai bar ƙyaure a buɗe na mintuna kada yatsansa ya sage. Ba ta cin batir, ba ta jin sanyi, kuma igiya guda takan shiga kyamarorin kamfanoni daban-daban saboda ramin zaren ya zama kusan iri ɗaya a ko'ina. Har yanzu akwai kyamarorin zamani da suka riƙe wannan rami, irin su jerin X100 na Fujifilm da jerin M na Leica, haka kuma gilasan manyan kyamarorin fim masu ƙyaure a jikinsu.

Da kyamarori suka koma na lantarki, maɓalli ya zama makunnin wuta, igiyar ita ma ta bi sahu. A mafi yawan kyamarori wayoyi uku ne a cikin kebul ɗin: ɗaya ta gama-gari, ɗaya ta saitin gani, wato daidaita gilashi har abu ya fito tar, ɗaya ta ƙyaure. Rabin danna yana haɗa ta gama-gari da ta saiti, kyamara ta farka ta auna haske ta daidaita gani, cikakkiyar danna kuma tana haɗa ta uku, hoto ya ɗauku. Ba wani abu ne a ciki ba face makunni mai hawa biyu, shi ya sa mai sauƙin irinta ba ta buƙatar batir, shi ya sa kuma masu sha'awar haɗe-haɗe suke iya ƙera tasu. Abin takaicin shi ne kamfanoni ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. Canon kaɗai tana da biyu: ƙananan kyamarorinta suna karɓar filogi mai milimita 2.5 mai kama da na abin sauraro, manyan kuma suna da baki mai ƙafa uku da ake kira N3. Nikon tana da mai ƙafa goma a manyan kyamarori da wani daban a matsakaita, Sony tana amfani da bakin da ta kira Multi, Panasonic kuwa filoginta ya yi kama da na Canon a ido amma aikinsa ya bambanta, domin da bambancin ƙarfin turjiyar wuta yake gane rabin danna da cikakkiya. Wanda zai sayi kebul dole ya duba lambar kyamararsa, sunan kamfani kaɗai bai isa ba.

Rimot marar waya kala huɗu ne, kuma kowanne da halinsa. Mai hasken infared, wato hasken da ido ba ya gani kamar na rimot ɗin talabijin, irin RC-6 na Canon da ML-L3 na Nikon, ɗan ƙarami ne mai araha, yana kaiwa wajen mita biyar, amma dole ya ga idon da ke jikin kyamara, wanda galibi a gaba yake, ga shi kuma hasken rana mai ƙarfi yana rikita shi. Ya dace da wanda zai shiga cikin hoton da kansa, bai dace da mai tsayawa a bayan kyamara ba. Mai rediyo yana zuwa da kashi biyu, mai aikawa a hannu da mai karɓa da ake jonawa a bakin kebul na kyamara. Ba ya buƙatar ganin ido da ido, yana ratsa bango marar kauri, yana kaiwa gomman mitoci, wasu ma fiye da ɗari, kuma akan zaɓa masa tasha don kada rimot ɗin wani ya danna kyamarar wani. Da irinsa ne masu hoton wasanni suke sarrafa kyamarar da aka ajiye a bayan raga ko aka rataye a saman fili kafin a fara wasa. Mai Bluetooth yana haɗuwa da kyamara kai tsaye ba tare da an jona komai ba, sai dai nisansa gajere ne kuma sai kyamarar da aka ƙera shi dominta. Na huɗu shi ne manhajar wayar hannu, irin Camera Connect ta Canon ko SnapBridge ta Nikon, wadda ke nuna abin da kyamara take gani a allon waya, har a canza saiti daga nesa. Wannan babbar fa'ida ce idan kyamara tana maƙale a wani lungu ko a saman sanda, amma tana shan batir ɗin ɓangarorin biyu, haɗin yakan tsinke, kuma tsakanin taɓa allo da buɗewar ƙyaure akwai ɗan jinkirin da ba kullum yake zama daidai ba. A ganina, duk aikin da ke rataye a kan daƙiƙa guda, kebul mai sauƙi ya fi su duka abin dogaro, ko ba don komai ba don ba ya mutuwa a tsakiyar dare saboda batir.

Mai hankali zai tambaya: tun da kusan kowace kyamara tana da agogon jinkiri na daƙiƙa 2 da na daƙiƙa 10, me ya sa za a ƙara kaya? Tambayar tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne cewa a hoton gini, ko dutse, ko takarda da aka shimfiɗa a tebur, jinkirin daƙiƙa 2 yana biyan buƙata, sai dai idan gilashin dogo ne sosai, wanda rawarsa takan wuce daƙiƙa biyu kafin ta lafa. Abin da agogon jinkiri yake ƙwacewa shi ne zaɓen lokaci. Mai ɗaukar igiyar ruwa a bakin teku yana son ƙyaure ya buɗe daidai sa'ad da ruwan ya fara ja da baya a kan duwatsu. Mai ɗaukar fure daf da daf yana jiran iska ta ɗauke na ɗan lokaci, kuma wannan sararin ba ya jiran ƙirga. Mai ɗaukar wasan wuta a sama yana buɗewa idan ya ga an harba, ya rufe idan tartsatsin ya gama bajewa. Mai jiran tsuntsu ya sauka a reshe kuwa, daƙiƙa biyu sun ishi tsuntsun ya zo ya tafi. Igiya da rimot suna cire hannu daga jikin kyamara, amma suna barin hukuncin lokaci a hannun mai hoton, kuma wannan haɗin ne agogon jinkiri ba ya iya bayarwa. Akwai ma wata fa'ida a hoton mutane, domin mai hoto da ya ɗaga kai daga bayan kyamara yana hira da wanda ake ɗauka fuska da fuska yakan samu sakin jiki da murmushin da ba a samu idan fuskarsa tana ɓoye.

Dalili na biyu na riƙe igiya ko rimot shi ne iyakar daƙiƙa 30, wadda yawancin kyamarori ba sa wucewa da kansu. Duk abin da ya haura haka sai an koma B, kuma riƙe maɓallin kyamara da yatsa na minti biyu daidai yake da girgiza ta na minti biyu. Misali, akwai baƙin gilashi da ake ɗaurawa a gaban na kyamara don rage haske da rana tsaka, kuma mai mataki goma yana ninka lokacin buɗewa sau 1,024. Hoton da zai ɗauki ɗaya bisa 8 na daƙiƙa zai koma daƙiƙa 128, wato minti biyu da 'yan kai, ruwa ya kwanta sumul kamar hayaƙi, gajimare ya zama zane. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da makulli a kan igiya, ko rimot mai agogo, ko kyamarar da ke da agogon B a cikinta, kamar yadda wasu sababbi suke da shi.

Rimot mai agogo, wanda ke iya ɗaukar hotuna a jere da tazarar da aka sa masa, ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne lissafi yake yawan kuɓucewa mutane. Abubuwa huɗu ake saita masa: jinkiri kafin farawa, tsawon kowace buɗewa, tazara tsakanin hotuna, da adadinsu. Wanda yake son bidiyon daƙiƙa 10 da ke nuna gajimare yana gudu, a hotuna 24 kowace daƙiƙa, yana buƙatar hotuna 240, kuma idan tazarar daƙiƙa 5 ce, zai zauna minti 20. A hoton taurari kuwa, duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka taurari suna fara jan layi idan buɗewa ta yi tsawo. Ƙa'idar da aka saba ita ce a raba 500 da tsawon gilashi, ta yadda gilashi mai milimita 20 zai ba da kimanin daƙiƙa 25 kafin ɗigon tauraro ya soma miƙewa. Wanda kuma layukan yake so da gangan, maimakon buɗewa guda ta awa biyu wadda za ta ɗumama sensa ta cika hoton da ƙura, wato ɗige-ɗigen da sensa ke haifarwa da kanta, yakan ɗauki ɗaruruwan hotuna na daƙiƙa 30 a jere ya haɗe su a kwamfuta. A nan tarkuna biyu suke. Na farko, wasu rimot suna ƙirga tazara daga lokacin da ƙyaure ya buɗe, wasu kuma daga lokacin da ya rufe, don haka wanda ya sa buɗewar daƙiƙa 30 da tazarar daƙiƙa 2 a kan irin na farko zai tarar lissafin ya hargitse. Gwaji a gida da rana ya fi gano hakan cikin duhu. Na biyu, kyamarori da yawa suna da saitin rage ƙurar doguwar buɗewa, wanda bayan kowane hoto yake ɗaukar wani baƙin hoto mai tsawo iri ɗaya da ƙyaure a rufe. Idan ba a kashe shi ba, rabin daren zai tafi a banza, layukan taurari kuma su fito a tsitstsinke.

Daga cire yatsa zuwa cire mutum gaba ɗaya taki ɗaya ne, kuma an yi shi tun da wuri. A 1878, a gonar Leland Stanford da ke Palo Alto a Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, aka gitta wayoyi da zarurruka a hanyar ta yadda wucewar dokin ce take sakin kowane ƙyaure, hotunan kuma suka nuna akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke sama. George Shiras III ya yi amfani da zaren tarko da filasha wajen sa namun daji su ɗauki kansu hoto da dare, mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Harold Edgerton na jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka ya bar ƙyaure a buɗe cikin ɗaki mai duhu, ƙarar harbi da makirfo ya kama ta kunna filasha, aka samu hoton harsashi yana ratsa tuffa a 1964. Na'urorin yau masu jin ƙara, ko walƙiya, ko tsinkewar zaren haske, jikokin waɗannan ne, kuma yawancinsu a bakin kebul ɗin nan mai wayoyi uku ake jona su. Ko wayar hannu ba a bar ta a baya ba, domin a wayoyi da yawa maɓallin ƙara sauti na abin sauraro yana ɗaukar hoto, kuma ƙananan rimot ɗin da ake sayarwa da sandar ɗaukar kai hoto wannan maɓallin suke kwaikwaya.

Sai dai yatsa ɗaya ne daga cikin masu girgiza kyamara, kuma wanda ya sayi rimot ya ga hotunansa ba su gyaru ba, ya nemi sauran. A kyamara mai madubi a ciki, wanda ke kai surar zuwa tagar leƙawa, madubin yana tashi da ƙarfi kafin ƙyaure ya buɗe, kuma bugunsa ya fi tasiri a wancan zango na tsakiya da aka ambata. Maganinsa shi ne saitin ɗage madubi, inda danna ta farko take ɗaga shi, a jira daƙiƙa biyu ko uku, ta biyu ta ɗauki hoto, kuma wannan saiti ba shi da ma'ana idan da yatsa za a yi danna ta biyun. Shi kansa ƙyauren inji yana da ɗan bugu, ko a kyamara marar madubi, shi ya sa aka samar da saitin da ke fara buɗewa ta lantarki. Iska tana kaɗa maɗaurin wuya da kebul ɗin da aka bari yana lilo, don haka a naɗe su a jikin ƙafar mazaunin. Sandar tsakiya ta mazauni idan an zaro ta har ƙarshe, tana mayar da ƙafa uku tamkar ƙafa ɗaya. Daɓen katako da gada suna rawa da takun mai hoton kansa. Na'urar hana girgiza da ke cikin gilashi, musamman tsofaffin ƙira, takan yi ta neman motsin da babu shi idan kyamara tana kan mazauni, har ta haddasa dishi-dishin da aka sa ta ta hana. A duhu kuma rabin dannar rimot tana iya sa kyamara ta sake neman saitin gani ta ɓata wanda aka riga aka daidaita, saboda haka a mayar da saitin na hannu tun kafin a fara. Wanda ya janye idonsa daga tagar leƙawa ta kyamara mai madubi ya tuna ya rufe ta, domin haske yana iya shiga ta baya ya ɓata awo ko ya bar tabo a doguwar buɗewa.

Hanyar gano wanne ne yake damun kyamara ba ta da wuya. A manna shafin jarida a bango, a kafa kyamara da gilashi mafi tsawo da ake da shi, a sa saitin gani na hannu, a tsayar da ƙyaure a ɗaya bisa 15 na daƙiƙa. A ɗauki hotuna uku da yatsa, uku da agogon jinkiri, uku da igiya, uku da igiya tare da ɗage madubi ko buɗewar lantarki, sannan a faɗaɗa ƙananan haruffan a kwamfuta a jera su gefe da gefe. Idan haruffan sun yi inuwa sama da ƙasa, madubi ko ƙyaure ne ake tuhuma, idan kuma inuwar ta karkace ba bisa tsari ba, a duba hannu ko mazaunin. A maimaita gwajin a ɗaya bisa 60 da kuma a daƙiƙa guda, domin kowace haɗakar kyamara da gilashi da mazauni tana da saurin da ta fi rawa a kai.